Yankan Karkace da Naɗin Lafaya a Kokoro

A tarihin ɗinki na Turai, sunan Madeleine Vionnet ake fara ambata idan ana batun yanka ƙyalle a karkace. Ta buɗe shagonta a Paris a 1912, ta rufe a 1939. Dabararta ita ce bin kusurwar yadi da almakashi, a ratsa tsakanin zaren tsaye da na kwance. Ƙyallen da aka yanka haka yana ɗan miƙewa, ya bi jiki, ya zuba kamar ruwa.

Amma Hausawan unguwar Kokoro, a yankin Kilomita Biyar na birnin Bangui, ba daga Paris suka fara ganin wannan hikima ba. Faransawa sun kafa Bangui a 1889, fatake kuma suka riƙa gangarowa yankin ta Adamawa da Ngaundere, ɗauke da saƙi da turkuɗi da manyan riguna. Tun 1851 matafiyi Heinrich Barth ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa ƙasashe masu nisa.

A juya bakin tsohuwar babbar riga ta zamanin Daular Sakkwato, a duba shafinta. Sau da yawa za a ga ƙyallaye an yanka su a karkace an harhaɗa, wani lokaci da jan alharini wanda ayari ke kawowa daga Tarabulus. Dalilin a fili yake: gindin riga mai faɗi zagaye yake yi, kuma ƙyallen da aka yanka a miƙe ba ya bin lanƙwasa sai ya tattare. Shafin yana ƙara wa rigar nauyi, don haka idan mai ita ya naɗe hannuwanta a kafaɗa sai ta zauna daram, jan launin ya leƙo. Maɗinkan da suka gano wannan da allura kawai suke aiki, abin takaici kuma ba a adana sunayensu ba.

Naɗi kuwa fagen mata ne. Lafaya dogon yadi ne marar ɗinki. Ƙulli a kafaɗa da iya zagayawa su ne suke ba ta siffa.

A yankan karkace kuwa, atamfa ce ke ba tela wahala. Turmi yadi shida ne, zanensa yana fuskantar gefe guda, kuma yankan karkace yana cin yadi, ya bar ƙyallaye masu kusurwa uku. Shi ya sa aka fi yin sa a bakin wuya da gindin siket da hannu mai baza. Ƙwararre yakan rataye rigar ta kwana kafin ya kalmashe bakinta, domin ƙyallen ya gama saukowa.

Rikicin da ya ɓarke a Disambar 2013 ya kori dubban mazauna Kilomita Biyar zuwa Cadi da Kamaru, har da masu sana'ar hannu. Ya kamata matasan telolin Kokoro su nemi dattawan da suka rage, su sa a juya musu babbar riga, a nuna musu yadda ake ɗora shafi.