Gida a Kan Gangare: Tarihin Gidan Tugendhat na Birnin Brno

Gabatarwa

A da, magini kan ɗauki gangaren tudu a matsayin matsala. Ko dai a sare tudun, ko a yi ciko a daidaita ƙasa kafin a kafa harsashi. A shekarun 1920 wasu masu zanen gine-gine a Turai da Amurka suka sauya wannan tunani, domin ginshiƙan ƙarfe da kankare sun ɗauke wa bango nauyin riƙe gini. Wannan maƙala ta dubi misali guda, wato gidan Tugendhat da ke Brno a Jamhuriyar Cek ta yau.

Tsarin gidan

Bajamushen nan Ludwig Mies van der Rohe ne ya zana gidan, aka gina shi tsakanin 1929 da 1930 domin Fritz da Grete Tugendhat. Filin kyauta ne daga mahaifin Grete, kuma yana saman gangare mai fuskantar tsohon gari. Maimakon ya daidaita filin, sai Mies ya kifar da tsarin da aka saba. Daga titi, gidan kamar mai hawa ɗaya ne, alhali hawa uku gare shi. Baƙo yana shiga ta hawan sama inda ɗakunan kwana suke, sannan ya sauka ta matakala zuwa babban falo. Siraran ginshiƙan ƙarfe ne ke riƙe da ginin, saboda haka bangon da ke kallon lambu gilashi ne, har injin lantarki kan saukar da manyan tagogi biyu su shige ƙasa. Haka Richard Neutra ya yi a gidan Lovell na Los Angeles, wanda aka gama a 1929: ƙofa a sama, zama a ƙasa.

Makomarsa

A 1931 masu sharhi a Jamus suka yi ta muhawara kan ko irin wannan gida na iya zama mazaunin iyali. Masu gidan suka amsa a rubuce cewa suna jin daɗinsa. Sai dai shekara takwas kawai suka yi a ciki. Kasancewarsu Yahudawa, suka gudu Suwizalan a 1938, ƴan Nazi kuma suka ƙwace gidan a 1939. A 1992 an yi zaman raba Cekosulobakiya gida biyu a nan, sannan UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001.

Kammalawa

Gidan Tugendhat ya nuna cewa gangare na iya zama tushen tsarin gida, ya tsara ta inda za a shiga da abin da mazauna za su hanga.