Sam Nda-Isaiah

Sam Nda-Isaiah (1962–2020) ɗan jarida ne kuma ɗan kasuwa, wanda ya kafa kamfanin jaridun Leadership a Abuja. An haife shi a Minna, ya yi karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Ife, amma alƙalami ne ya fito da sunansa, tun yana rubuta sharhin mako-mako a Daily Trust ba tare da shakkar masu mulki ba. A 2004 ya soma buga Leadership, daga baya kamfanin ya ƙara da Leadership Hausa. Ya riƙe sarautar Kakakin Nupe. A 2014 ya nemi tikitin takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar APC, amma Muhammadu Buhari ne ya samu. Ya rasu a Abuja ranar 11 ga Disamba, 2020.