Rufin da aka yanko daga ƙwarya guda: tarihin gidan opera na Sidni

Duk wanda ya taɓa ganin hoton birnin Sidni na ƙasar Ostareliya ya san ginin nan fari da ke bakin teku, mai rufi kamar an kafa manyan sakaina a jere, wata na leƙen bayan wata. Gidan opera ne, wato inda ake wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa. Tarihinsa ya cancanci malamai da iyaye su sani.

Gwamnatin jihar New South Wales ce ta shirya gasar zanen ginin, aka samu zane 233 daga ƙasashe 32. A watan Janairun 1957 aka ce wani ɗan ƙasar Danmak mai shekara 38, Jørn Utzon, ya yi nasara. Wurin da aka zaɓa, Bennelong Point, tsinin ƙasa ne da ruwa ya kewaye ta gefe uku, kuma ana hango shi daga tudu. Shi ya sa Utzon ya ba rufin muhimmanci, tun da ta kowace fuska ido zai faɗa kansa.

Matsalar ita ce da hannu ya zana rufin, kowane ɓangare da irin lanƙwasarsa. Injiniyoyin kamfanin Ove Arup sun yi shekaru suna lissafi ba su samu hanyar gina shi da kuɗi mai ma'ana ba, domin kowane yanki sai an yi masa mazubin kankarensa daban. A 1961 aka samu mafita: a yanko dukkan ɓangarorin daga jikin ƙwallo guda, mai kusan mita 75 daga tsakiya zuwa baki. In aka yanka ƙwarya mai cikakken zagaye gunduwa-gunduwa, babba da ƙarama duk lanƙwasarsu ɗaya ce. Da haka aka riƙa zuba haƙarƙarin rufin a ƙasa cikin mazubi iri ɗaya, ana ɗagawa ana haɗawa. Daga baya aka lulluɓe shi da tayil fiye da miliyan ɗaya da aka kawo daga Suwidin.

Sai dai an riga an yi gaggawa. Shugaban gwamnatin jihar, Joseph Cahill, ya sa an fara aiki a watan Maris na 1959, zane bai kammala ba. Da siffar rufin ta tabbata, sai aka ga ginshiƙan da aka kafa ba za su ɗauki nauyinsa ba, dole aka sake su. Sauri ya haifi nawa. An yi kiyasin dalar Ostareliya miliyan 7 da gamawa a 1963, aka ƙare da miliyan 102 a 1973.

Da gwamnati ta canza a 1965, sabon ministan ayyuka, Davis Hughes, ya riƙe kuɗin Utzon har ya ajiye aiki a 1966. Ya bar ƙasar, bai sake komawa ba. Peter Hall da abokan aikinsa suka ƙarasa cikin ginin, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi ranar 20 ga Oktoba 1973. A 2007 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, Utzon ya rasu a 2008 bai taɓa ganinsa da idonsa a kammale ba.

Malamin da ɗalibai suka tambaya amfanin darasin siffofi da awo yana da amsa a nan. Ya kawo lemo aji, ya yanka ɓawonsa gida-gida, ya jera su a tsaye kusa da hoton ginin. Yaran za su ga da kansu cewa abin da ya gagari injiniyoyi shekaru, siffar da ke littafinsu ce ta warware shi.