Funa-dansu: Akwatunan Fataken Teku a Japan

Akwatin katakon da mutanen Japan ke kira funa-dansu ya samo asali ne daga fataucin teku a zamanin Edo, wanda ya fara a 1603 ya ƙare a 1868. A 1672 ne attajiri Kawamura Zuiken ya daidaita hanyar ruwa ta yamma, wadda ta haɗa Osaka da tashoshin gaɓar Tekun Japan ta mashigin Shimonoseki, daga baya kuma jiragen da ake kira kitamae-bune suka miƙa ta har Ezo, tsibirin da yau aka sani da Hokkaido. Jiragen kan tafi arewa da shinkafa da gishiri da auduga, su komo da busasshiyar ciyawar teku da takin kifi.

Abin da ya bambanta waɗannan jirage shi ne ba dako kawai suke yi ba, domin shugaban jirgi shi ke saye da sayarwa a duk tashar da ya yada zango, ribarsa kuma tana fitowa ne daga bambancin farashi tsakanin gari da gari. Wannan ya sa dole tsabar kuɗi da hatimi da takardun izini su kasance kusa da shi, don haka akwatin ya fi kama da ofis a kan ma'ajin kaya. Akwatunan iri-iri ne: ƙaramin cikinsu, kakesuzuri, na kayan rubutu ne da hatimi da kuɗi, chobako kuma na littattafan lissafi, yayin da hangai ke ɗaukar tufafi.

Gwanintar kafintocin tashoshin Sakata da Mikuni da Ogi ta tsibirin Sado ta fi bayyana a zaɓen itace. Sukan yi jikin akwatin da keyaki, itace mai tauri, su shafa masa urushi, wato danƙon da ake tatsa daga wata bishiya, sannan su yi aljihunan ciki da kiri, itace marar nauyi da ke kumbura idan ya sha ruwa, ta yadda idan jirgi ya nutse aljihun zai matse ya tsare takardu. Sau da yawa akan ɓoye wani ƙaramin akwati bayan aljihunan, inda mai shi kaɗai ya san yadda ake zare shi. Ƙarfen da maƙera ke lulluɓe fuskar akwatin da shi kuwa ya zarce abin da tsaro ke buƙata, kuma da alama nuna wadata ne ga abokan ciniki, tunda ba a ba wa matsiyaci bashi.

A ƙarshen ƙarni na 19 wayar tangaraho ta sa kowace kasuwa ta san farashin 'yar'uwarta, jiragen tururi da jirgin ƙasa kuma suka ƙwace dakon, sai sana'ar ta durƙushe. Akwatunan sun koma ɗakunan ajiya na gidajen attajirai, har Yanagi Soetsu, jagoran masu raya sana'o'in hannu na gargajiya wanda ya kafa gidan adana kayan waɗannan sana'o'i a Tokyo a 1936, ya yi nazarin akwatunan ya jawo hankalin masana gare su.