Asalin Riƙon Kasuwar Kurmi

Kasuwar Kurmi ta birnin Kano tana cikin kasuwannin da suka fi daɗewa suna ci a ƙasar Hausa, kuma tun daga Gure ta ƙasar Muniyo, inda takarkarai da jakuna suke tasowa da kanwa da mangul, wato gishirin da Mangawa ke dafawa, su biyo ta Damagaram, har zuwa Gwanja ta masu goro, da wuya a sami farken da bai san rumfunanta ba. Sai dai kasuwa ba ta riƙe kanta, dole ne a sami mai raba rumfa da mai duba mudu da mai kashe gardama, kuma maganar wanda ya cancanci wannan riƙo a Kano ta girmi kasuwar kanta.

Dattawan birni sun ce filin da kasuwar take a yau, a da can kurmi ne mai duhu a bakin ruwan Jakara, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa saboda launin ruwansa, kuma daga nan kasuwar ta gaji sunanta. A zamanin Barbushe, lokacin da mutanen Dala suke bautar Tsumburbura, wurin abin tsoro ne ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa itatuwansa ba sa ko motsi, amma idan wata masifa ta doso ƙasar sai a ji ƙara daga cikinsa, hayaƙi ya tashi daga tsibirin da ke tsakiyar ruwan, sai manya su zo da baƙin kare da baƙin bunsuru su yanka. Idan ƙarar ta tsaya an tsira, idan kuwa ta ci gaba kowa ya san abin da ke tafe. Wurin da mutane suke tsoron ɗaga murya a cikinsa shi ne daga baya ya zama inda hayaniya ta fi yawa a duk ƙasar Kano, kuma ba ƙaramin sarki ne zai iya wannan juyi ba.

Kurmi ba ita ce kasuwar farko a birnin ba. A zamanin Sarki Dauda (1421–1438) wani ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci ya zo Kano da jama'a masu yawa da malamai, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Zuwa zamanin Abdullahi Burja (1438–1452), wanda ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, Dagaci ya tara dukiyar da ba ta ƙirguwa, ya gina gidaje jere da juna, ya kuma kafa kasuwar Karabka. Ke nan babbar kasuwar birni tana hannun baƙo mai mutanensa da ƙarfinsa, sarki kuwa yana kallo daga fada. Duk wanda ya san yadda sarauta take ya san wannan zama ba mai ɗorewa ba ne, domin wanda fatake suke sauka a ƙofarsa ba ya daɗewa bai fara jin kansa sarki ba.

Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ne ya warware wannan ƙulli. Ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa majalisar Tara ta Kano, sannan ya kafa Kasuwar Kurmi a tsakiyar birni, a ƙarƙashin ikon fada. An saba rubuta 1463 a matsayin shekarar kafa ta, amma wannan shekarar hawansa gado ce kawai bisa lissafin da aka yi wa Tarihin Kano. Wasu kuma suna danganta abin da zuwan Shehu Almagili, malamin Tilimsan da ya iso Kano wajen 1492, ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda kuma a zamaninsa aka sare itaciyar tsafi aka gina masallaci. Magana ta biyu ta fi kama da gaskiya, domin da wuya sabon sarki ya taɓa kurmin da talakawansa ke tsoro tun rawaninsa bai zauna ba. Gidan Dagaci kuwa bai daɗe ba bayan haka: a zamanin Abdullahi ɗan Rumfa mai riƙe da gidan ya nemi tayar da ƙayar baya, aka tuɓe shi aka ba wani bawan sarki muƙaminsa.

Abin sha'awa a tsarin da ya kafu shi ne sarki ya mallaki kasuwa amma bai zauna a cikinta ba. Ya sa mata wakili, wanda a yawancin garuruwan Hausa ake kira Sarkin Kasuwa, a Kano kuma San Kurmi, sannan kowace sana'a aka bar ta da shugabanta daga cikin masu yin ta. Sarkin Pawa yana kan mahauta, shi ke sanin dabbar da aka yanka da inda ta fito. Sarkin Dillalai yana kan masu shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa su karɓi la'ada. Masu awon hatsi suna ƙarƙashin Korama, sarautar da mace ke riƙewa, wadda idonta ke kan mudu, kada a lotsa gindinsa ko a shafe bakinsa da dabara. Baƙo kuma yana da fatoma, mai masaukin da ke ajiye masa kaya ya tsaya masa a ciniki. Ta haka duk wanda aka cuta ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma wanda zai yi masa hukunci ya san kayan ciki da waje.

Inda tsarin yake da rauni shi ne kwaɗayin fada. Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731), wanda a zamaninsa kuɗin wuri suka shigo ƙasar Hausa, ya ɗora wa Kurmi haraji, ɗansa Kumbari (1731–1743) kuma ya tsananta shi har kasuwar ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watse ƙauyuka. Irin wannan karɓe-karɓe yana cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Hausa da shi a Kitabul Farƙi, inda ya ambaci tawasa, wato naman da mai kula da kasuwa ke karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa.

Bayan jihadi ba a rushe sarautun kasuwa ba, an dai ɗaure su da shari'a, kuma shaidar baƙo ta nuna an yi nasara. Baturen Birtaniya Kilafaton, wanda ya shigo Kano a 1824 zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya tarar shugaban kasuwa yana ba da hayar rumfuna wata-wata, kuɗin suna shiga taskar sarki, shi kuma rabonsa wuri 50 ne a cinikin wuri 8,000. Abin da ya fi burge shi shi ne dillali yana rubuta sunansa a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda idan aka kai ƙunshin Barno aka kwance aka ga algus, sai a maido shi Kano, dillalin ya nemo mai kayan, dole kuma ya mayar da kuɗi. Farken Muniyo da ya sayar da kanwarsa ya sayi baƙi zai iya ɗaure kayansa ya kama hanya da kwanciyar rai.

Abin da ya biyo baya ba shi da armashi sosai. Turawa sun ci Kano a 1903, a zamanin Sarki Abbas aka sake gina kasuwar da rumfunan ƙasa a jere, kuɗin haya suka koma baitulmalin En'e. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, manyan ciniki suka fara karkata wajen ganuwa, zuwa Fagge da Sabon Gari. Da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, kasuwar ta faɗa hannun ma'aikatan da ake sauyawa kafin su gama sanin layukanta, kamar yadda a Nijar kasuwanni irin na Gure suka koma hannun magajin gari da majalisarsa. Sarautun kasuwa suna nan, ana naɗa su a fada, 'yan kasuwa kuma suna kai musu ƙara, amma kuɗin rumfa ba ya bi ta hannunsu.