Wa ke Sayen Kwamfutocin Gwamnatin Gana, Wa ke Kula da Su?

A watan Afrilun 2024 labari ya bazu cewa an ga na'urori goma na tantance masu zaɓe a wani kamfanin sarrafa tsofaffin kaya a Madina, nan Akra. Hukumar Zaɓe ta Gana ta fito ta ce na'urorin tsofaffi ne da aka saya tun kafin zaɓen 2012, an daina aiki da su, kuma ta hanyar gwanjo na halak suka bar hannunta. Ƙungiyar IMANI mai sa ido kan manufofin gwamnati ba ta gamsu da wannan bayani ba, har ta kai ƙara gaban hukumar CHRAJ. Abin da ya rage a bakin mutanen unguwa shi ne tambaya: idan hukuma ta sayi na'ura da kuɗin jama'a, wa ya amince da sayen, wa ke da lissafinta, kuma wa ke da ikon cewa ta tsufa? Wannan rubutu bayani ne kan tsarin da doka ta shimfiɗa, domin ɗalibai da masu kula da makarantu da masallatai a Madina, Nima, Mamobi da sauran zangonni.

Abin da ake nufi da kulawa daga cibiya guda

Gwamnati ba ofis ɗaya ba ce. Akwai ma'aikatu, akwai sassa da hukumomi, akwai majalisun ƙananan hukumomi sama da 260. In aka bar kowa ya sayi kwamfuta, firinta, manhaja da layin intanet yadda ya ga dama, abubuwa uku ke faruwa. Ana sayen abu ɗaya sau da yawa, a farashin ɗaiɗai maimakon farashin sari. Na'urar wannan ofis ba ta iya karanta bayanan wancan. Sannan wani wuri kaya na jibge cikin kwali ƙura na cin su, wani wuri kuma ma'aikaci na rubuta rasit da hannu.

Kulawa daga cibiya guda ita ce a ɗora wa wata hukuma alhakin kafa ma'auni, duba manyan saye-saye kafin a biya, da gina abin da kowa zai yi tarayya a ciki. Ba lallai ne ita ce za ta riƙa sayen kowace linzamin kwamfuta ba.

Inda tunanin ya fara

Amurka na cikin ƙasashen da suka fara kafa doka a kan wannan. A 1965 majalisarta ta zartar da dokar da aka fi sani da sunan Jack Brooks, ɗan majalisa daga Texas. A lokacin kwamfuta guda kan cika ɗaki, kuɗinta na da yawa ƙwarai, kuma hukumomi da dama hayarta suke yi shekara da shekaru har kuɗin haya ya wuce na saye. Dokar ta mayar da ikon saye, haya da gyaran kwamfutoci hannun hukumar GSA, ta ba ta damar kafa wuraren da hukumomi za su yi tarayya a na'ura ɗaya, ta kuma ɗora wa hukumar ma'aunai ta ƙasa aikin fitar da ƙa'idojin fasaha.

Shekara 31 tsarin ya yi. Da kwamfuta ta ƙanƙance ta yi araha, sai ya zama kafin takarda ta gama zagaya ofisoshi, samfurin da aka nema ya riga ya tsufa. A 1996 aka soke dokar, aka mayar wa kowace hukuma ikon sayen nata, amma aka wajabta mata naɗa babban jami'in da zai amsa tambaya kan harkar. Duk ƙasar da ta zo daga baya tana kai-komo ne tsakanin waɗannan gaɓoɓi biyu: tsananta kulawa ya jawo jinkiri, sassautawa ya jawo ɓarna.

A Najeriya hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001 ta kuma samu dokarta a 2007, ita ce ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya kafin a aiwatar da su. An ƙarfafa wannan aiki a zamanin da Sheikh Isa Ali Pantami ya shugabance ta, daga 2016 zuwa 2019. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone kuma shi ke riƙe da layin sadarwa da ɗakin ajiyar bayanai na tarayya.

Hukumomi biyu a Gana

A Gana aikin ya rabu gida biyu, kuma mai son fahimtar lamarin dole ya bambance su.

Ta farko ita ce Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati, PPA. Tushenta Doka ta 663 ta shekarar 2003, wadda aka yi wa gyara da Doka ta 914 a 2016. PPA ba ruwanta da ko kwamfuta ake saye ko siminti. Abin da take dubawa shi ne hanyar da aka bi. Asalin ƙa'ida shi ne a yi shela a fili, 'yan kasuwa su kawo tayi, a zaɓi wanda ya cika sharuɗɗa da farashi mafi dacewa. Ƙananan saye-saye ana iya neman farashi daga aƙalla masu kaya uku. Ba wa kamfani ɗaya kwangila kai tsaye ba tare da gasa ba sai da dalilin da doka ta ambata, kuma sai PPA ta amince. Kowace hukuma tana da kwamitin duba tayi nata, wanda ke da iyakar kuɗin da zai iya amincewa da shi; abin da ya haura sai a tura wa kwamitin bita na yanki ko na ƙasa. Dokar ta kuma haramta dabarar nan da aka sani, ta yanyanka sayayya ɗaya zuwa ƙanana domin kowace ta faɗo ƙasa da iyakar da ke buƙatar gasa. Kowace hukuma dole ta tsara jerin abin da za ta saya a shekara mai zuwa kafin shekarar ta shigo.

A ranar 30 ga Afrilu 2019 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar da GHANEPS, dandalin intanet da ake shelar kwangila da karɓar tayi ta cikinsa. Manufar ita ce a rage haɗuwar ɗan kwangila da jami'i ido da ido, kuma kowane mataki ya bar sawu.

Ta biyu ita ce Hukumar Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITA, da aka kafa da Doka ta 771 a 2008, ƙarƙashin Ma'aikatar Sadarwa. A shekarar ne kuma aka zartar da Doka ta 772 kan mu'amaloli ta na'ura. NITA ita ce ke da ta cewa kan abin da ake saye: ma'aunin na'urori da manhajoji, yadda tsarin wata hukuma zai yi magana da na wata, da ingancin masu sayar wa gwamnati kayan fasaha. Dukkan wannan ya samo asali daga manufar ƙasa ta ICT4AD ta 2003, da shirin e-Ghana da Bankin Duniya ya tallafa tun 2006.

Abin da ake tarayya a ciki

Nan ne aka fi ganin amfanin tsarin. Maimakon kowace ma'aikata ta gina ɗakin manyan kwamfutocinta, ta sayi janareta da na'urar sanyaya ɗaki, ta ɗauki masu gadi, an gina Cibiyar Ajiyar Bayanai ta Ƙasa a Akra, da wata ta biyu a harabar jami'ar KNUST a Kumasi domin in ɗaya ta samu matsala ɗaya ta riƙe. Akwai layin sadarwa na gwamnati da ke haɗa ofisoshin yankuna da gundumomi, wanda kamfanin Huawei ya yi aikinsa da bashin ƙasar Sin. Akwai wayar fayiba ta gabashin ƙasa, daga Ho zuwa Bawku, da aka shimfiɗa da tallafin Denmark. Adireshin gov.gh da imel ɗin ma'aikata su ma a hannun NITA suke.

Ta fuskar kuɗi, tsarin GIFMIS da ke ƙarƙashin Babban Akanta na ƙasa shi ne manhaja ɗaya da ma'aikatu da majalisu ke bi wajen kasafi da biya. Dandalin Ghana.gov, da aka ƙaddamar a 2021, ya tattara biyan kuɗin hidimomin gwamnati a ƙofa ɗaya.

Misalin da kowane mazaunin zango ya ɗanɗana shi ne na ɗaukar hoton yatsa. Shekaru da dama Hukumar Zaɓe na da na'urorinta, hukumar inshorar lafiya na da nata, haka hukumar lasin tuƙi, ofishin fasfo da asusun fansho na SSNIT. Mutum ɗaya, yatsu goma, amma sai ya bi layi biyar, kuma kowane layi an saya masa na'urori daban da kuɗin haraji. Katin Gana na hukumar NIA an yi shi ne domin ya zama tushe ɗaya. Daga 2021 lambarsa ta zama lambar haraji, aka kuma fara haɗa ta da lambar SSNIT. Wannan ci gaba ne na gaske, ko da yake wahalar da mutanen zango da yawa suka sha wajen tabbatar da zama 'yan ƙasa kafin su samu katin wani babi ne mai zaman kansa. In ƙofa ɗaya ce tak, wanda aka rufe wa ita ya rasa duka.

Ƙarshen rayuwar na'ura

Mu koma Madina. Doka ta 663 ba ta tsaya kan saye ba, ta yi magana kan rabuwa da kaya. In hukuma na ganin wasu kaya sun tsufa ko sun yi mata yawa, shugabanta zai kafa kwamitin da zai duba su ya ba da shawara. Hanyoyin da doka ta lissafa huɗu ne: a miƙa su ga wata hukumar gwamnati, da biyan kuɗi ko ba biya, a sayar ta hanyar karɓar tayi, a yi gwanjo a fili, ko a lalata su.

A lura da wadda aka fara ambata. Kwamfutar da ta yi wa ofishin ma'aikata nauyi tana iya koyar da yara arba'in a makarantar gwamnati, kuma makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987 cikin Hukumar Ilimi ta Gana, makarantun gwamnati ne. A ganin mai wannan rubutu, wannan ita ce gaɓar da shugabannin makarantunmu suka fi sakaci da ita. Yara na rubuta jarrabawar BECE a darasin kwamfuta, wasunsu ba su taɓa riƙe linzami ba. Duniya ta ga hoton malam Richard Appiah Akoto a 2018 yana zana fuskar manhajar Word da alli a kan allo a wata makaranta a yankin Ashanti.

Akwai kuma haɗarin bayanai. Kwamfutar da aka yi gwanjonta ba a goge ƙwaƙwalwarta ba tana tafiya da sunaye, hotuna da lambobin mutane. Dokar Kare Bayanai ta 843 ta 2012 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. A 2016 kuma an zartar da Doka ta 917 kan sharar kayan lantarki, matsalar da 'yan'uwanmu da suka yi sana'ar bola a Agbogbloshie, kafin a rushe wurin a 2021, suka san ta da huhunsu.

Inda tsarin ke ɗingishi

Sayen sari daga sama ba ya tabbatar da kaya sun isa ƙasa. Shirin ba kowane malami kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda aka ƙaddamar a 2021 bisa cewa gwamnati za ta biya kashi 70 malami ya biya kashi 30, ya bar malamai da yawa suna jira. Rashin rarraba kwamfutocin na cikin dalilan yajin aikin ƙungiyoyin malamai a watan Maris 2024. A watan ne kuma aka ƙaddamar da shirin raba kwamfutocin hannu miliyan 1.3 ga ɗaliban manyan sakandare.

Mai gadi ma yana buƙatar mai gadi. A watan Agusta 2019, bayan binciken ɗan jarida Manasseh Azure Awuni, an dakatar da shugaban PPA kansa, Adjenim Boateng Adjei, kuma a Oktoban 2020 aka sallame shi bayan CHRAJ ta same shi da haɗa muƙaminsa da maslahar kansa. Tattara iko wuri ɗaya na sauƙaƙa sa ido, amma yana ƙara girman ɓarna in wurin ya gurɓace.

Ga Musulmi maganar ba baƙuwa ba ce. Dukiyar baitulmali amana ce a wajen malaman fiƙihu, kuma tun zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, aka kafa diwani domin a rubuta abin da ya shiga da wanda ya karɓa. Sananne ne kuma abin da ake ruwaitowa game da Umar ɗan Abdul'aziz, cewa yakan kashe fitilar baitulmali in zance ya koma na gidansa.

Yadda ɗan unguwa zai bi sawu

Madina na ƙarƙashin Majalisar La Nkwantanang-Madina da aka kafa a 2012. Nima na Ayawaso ta Gabas, Mamobi na Ayawaso ta Arewa, dukansu an kafa su a 2018. Kowace majalisa hukumar saye ce a idon Doka ta 663, tana da jerin sayayyarta na shekara da kwamitin duba tayi. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi kan majalisu na fita duk shekara, kuma kowa na iya karanta shi. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 989 ta 2019 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta takarda ga jami'in bayani na hukuma, kuma doka ta ba jami'in kwana 14 ya yanke hukunci kan buƙatar. Kwamitin makaranta ko na masallaci na iya tambayar kwamfutoci nawa majalisa ta saya a bara, ina aka kai su, da kuma ko akwai waɗanda kwamitin duba tsofaffin kaya ya ware. Takardar neman a miƙa wa makaranta irin waɗannan kaya tana bi ne ta hannun shugaban makaranta zuwa daraktan ilimi na ƙaramar hukuma.