Rubuce-rubucen Gwandu: Littattafan da suka soki masu mulki

A ƙasashen Turai da Amurka, masu tara tsofaffin littattafai kan yi rububin wasu littattafai na hotuna zalla, waɗanda ake sassaƙawa a jikin katako sannan a buga a takarda.

Fitattu daga ciki su ne na Frans Masereel ɗan ƙasar Beljiyam, wanda gwamnatin 'yan Nazi ta haramta ayyukansa a Jamus, da kuma littafin da Ba'amurke Lynd Ward ya fitar a 1929. Duka suna nuna halin ƙunci na talaka da haɗamar masu dukiya.

A ƙasar Hausa kuwa malamai ba su zana surar mutum. Adon littafi bai wuce zayyana ba, saboda haka da alƙalami da tawada aka yi irin wannan suka. Kuma ba a maganar wannan fanni ba tare da an ambaci Gwandu ba.

Abdullahin Gwandu

Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, shi aka danƙa wa yammacin daula a 1812. Ya rasu a Gwandu, inda hubbarensa yake.

Tun ana tsakiyar jihadi ya ga take-taken wasu daga cikin jama'a sun sauya, har ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano mutanen birnin suka tsayar da shi, a nan ya wallafa Diya'ul Hukkam a kan yadda ya kamata a yi mulki bisa shari'a.

A cikin Tazyinul Waraƙat, wanda ya tattara a 1813, ya yi Allah wadai da masu neman sarauta don jin daɗi, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, da sayar da 'ya'ya a kasuwa tamkar bayi.

Yadda ake gane kwafi

Almajirai ne suka riƙa kwafe waɗannan littattafai da hannu, a kan takardu warwara da ba a ɗinke ba, a adana su cikin gafaka.

A ƙasan shafi marubuci kan sa kalmar farko ta shafi na gaba, domin kada takardun su cakuɗe.

Masana kan ɗaga takarda su duba ta cikin haske. Yawancin takardun ƙarni na 19 daga Italiya aka kawo su ta hanyar Sahara, kuma suna ɗauke da tambarin jinjirin wata uku. Suna kuma duba ƙarshen littafi, inda mai kwafi kan rubuta sunansa, wani lokaci har da shekara.

Aikin tarawa

A shekarun 1950 W.E.N. Kensdale ya tsara jerin rubuce-rubucen Larabci na ɗakin karatun jami'ar Ibadan. A 1963 Mervyn Hiskett ya buga Tazyinul Waraƙat tare da fassarar Turanci.

Ana samun kwafe-kwafe a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da kuma taskar marigayi Waziri Junaidu a Sakkwato.

Sai dai da dama suna nan a hannun zuriyar malamai, inda gara da ɗanshin damina da gobara ke yi musu barazana. Rabon gado ma kan raba littafi guda gida-gida.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 da mazauni a yankin Kalgo, tana kusa da waɗannan gidaje. Ɗaukar hoton takardun da na'ura zai ba iyalai damar riƙe gadonsu, ɗalibai kuma su karanta abin da Abdullahi ya faɗa wa masu mulkin zamaninsa.